Bakwaini: In An Fito Daga Kwalba, Ƙirjin Wa Za A Ɗora Ta?

Yau ba ƙwallo, ba siyasa. Wayar nan da kake karanta ni a ciki, ɗan ɗaga ta ka ji nauyinta a tafin hannunka. Galibin wayoyinmu ba sa wuce giram 200. To ka tara irinta guda bakwai wuri ɗaya. Nauyin 'yar yayata ke nan ranar da ta zo duniya, giram 1,400, cikin yana da mako 31 kacal.

Ni ɗan Rikoto ne, a cikin garin Zuru. Bara war haka na zo gida hutun 'yan kwanaki, ban san zan koma makaranta da ilimin da ba ya cikin manhajar koyon aikin jarida ba. A tsakiyar watan Nuwamban kowace shekara ake ranar bakwaini ta duniya, kuma a wannan watan ne yarinyar take cika shekara ɗaya. Shi ya sa na nemi izinin uwarta in ba ka labarin. Ta yarda, amma da sharaɗi: ba suna, ba hoto. Za ka ji dalili nan gaba.

Da daddare naƙuda ta taso wa Yaya, saura fiye da wata biyu a lissafinta. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ta haihu. Yarinyar ta yi ɗan kuka kamar na kyanwa, sannan ta koma wani irin gurnani, ƙirjinta yana lotsawa duk numfashi. Suka ce tana bukatar kwalba da iskar oksijin, sai babban asibiti. Wanda ya san ƙasar Zuru ya san mene ne ma'anar wannan magana da ƙarfe ɗayan dare. Birnin Kebbi tafiya ce ta awanni, Sakkwato ma haka, kuma tun da 'yan bindiga suka addabi yankunan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai, direba mai hankali ba ya son hawa titi cikin duhu. Dole muka jira asuba.

Abin da wata nas ta yi a wannan daren shi ne tushen duk rubutun nan. Ta goge jaririyar ta bushe, ta sa mata hula, ta buɗe gaban rigar Yaya ta kwantar da ita tsirara a tsakanin nonuwanta, ta ɗaure su tare da zani, ta rufa musu bargo. Ta ce ko a mota kada a raba su. Inna ta so a naɗe ta a shawul a riƙe a hannu kamar yadda aka saba, nas ɗin ta ce, "Mama, don Allah ki bar ta nan. Jikin uwarta ya fi shawul." Da muka isa, likitan da ya karɓe mu ya auna zafin jikinta, ya ɗaga kai ya tambaya wa ya ɗaure ta haka. Ya ce da yawa suna isowa jikinsu ya riga ya yi sanyi ƙalau, kuma sanyin ne yake fara kayar da su kafin komai.

Cikin ɗakin kwalabe

Ban sani ba ko ka taɓa leƙa sashen da ake kwantar da jarirai marasa lafiya. Takalmi a waje, waya a aljihu, hannu kuma a wanke har gwiwa. Ɗakin yana da ɗumi, kuma ba ya shiru, kullum akwai na'urar da ke ƙara. Ni sau uku kawai aka bar ni na shiga, sauran duk ta gilashi na gani.

Abin da muke kira kwalba akwati ne na roba mai haske da ke riƙe ɗumi. Ba ya ba jariri abinci, ba ya yi masa numfashi, ɗumi ne aikinsa. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe zafin jiki, fatarsa siririya ce, kuma ana so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Numfashi kuma wata matsala ce daban. Huhun bai gama nuna ba, don haka aka sa mata wasu 'yan bututu a hanci da ke hura iska a hankali don kada huhun ya rufe. Wani lokaci irin waɗannan jarirai sukan manta su yi numfashi, wallahi mantawa, saboda ƙwaƙwalwar ba ta gama koyon aikin ba. Maganin da ake ba su don wannan sinadarin kafeyin ne, irin wanda ke cikin kofi da goro. Da na faɗa wa Baba haka sai ya yi dariya ya ce ashe jikarsa ta riga shi cin goron safe. Amma fa awo ne na likita ƙwaya-ƙwaya, kada wani ya ji wannan ya je ya jiƙa wa jariri goro.

Kwana na uku ta yi shawara, jikinta ya koma rawaya, aka sa ta ƙarƙashin wata fitila shuɗiya an rufe mata ido. Abinci kuwa ta siririn bututu ne da ya bi ta hanci zuwa ciki, domin jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 32 zuwa 34. An fara da mililita 2. Ƙaramin cokalin shayi yana cin 5, ka ga ko rabinsa bai kai ba. Kuma wannan ɗigon daga jikin Yaya yake fitowa, tana tatsa duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana. Dakashin nan na farko da wasu gidaje ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, a can da sirinji ake bin sa kada ɗigo ya ɓata. Shi ne rigakafin farko na jariri, kuma nonon uwa yana kare hanjin bakwaini daga wata muguwar cuta da ke ruɓar da hanji.

Iyaye matan da ke wurin sun zama 'yan gida ɗaya. Musulma da Kirista, mai Hausa da mai C'lela da mai Fulfulde, gaisuwarsu ta safe ɗaya ce: nawa ya ƙara? Giram 20 abin murna ne, giram 30 sai a yi ta barka. Wata safiya Yaya ta shiga ta tarar kwalbar da ke kusa da tata babu kowa, an goge ta tas. Ba ta tambaya ba, ba a kuma faɗa mata ba. Ranar ko ɗigon nono ƙin fitowa ya yi.

Kada ka ɗauka abin na 'yan tsiraru ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da sama da 770,000 a shekarar. Duba ajinku ko majalisarku ka ƙirga. Da wuya a ce babu bakwaini a cikinku, wataƙila ma kai ne ba a faɗa maka ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗi. Mijin Yaya matashi ne kamarmu, shagon cajin waya yake da shi. Kafin mako biyu ya sayar da dawar da ya ajiye, ya jinginar da babur. Ni da ɗan ilimin jaridata na ce mu ɗauki hoton yarinyar da bututunta mu ɗora a Facebook da lambar asusu, na ga ana yi kuma ana samu. Yaya ta dube ni ta ce, "Ƙanena, in ta rayu ta girma ta ga hoton fa? In kuma ba ta rayu ba, ni ce zan riƙa cin karo da shi a wayar mutane." Na rasa ta cewa. A aji an koya mana neman izini kafin ɗaukar hoton mara lafiya, na ci jarabawar, amma sai a barandar asibiti na gane abin. Ba na zargin wanda tsanani ya sa ya ɗora, wani ba shi da wata hanya. Kawai ka tambayi uwar tukuna, kuma ka sani hoton da ya fita ya fita, har 'yan damfara suna ɗauka su liƙa tasu lambar. Mu a zauren WhatsApp na dangi muka rubuta, ba hoto, kuma Allah ya rufa asiri.

Ranar suna aka yanka rago a Rikoto, mai jego da jaririya suna wani gari. A nan na ji maganganu. Wata ta ce ai aikin wahala ne ya jawo, wata ta ce tsami ta sha, wata ta ce baki ne. Gaskiyar magana, akasarin haihuwar bakwaini haka kawai take zuwa, kuma sau da yawa likitoci ma ba sa gano dalili. Akwai abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin: tagwaye, hawan jini, ciwon suga, cututtuka irin su maleriya da ciwon sanyi, ciki a ƙananan shekaru, da haihuwa kusa da kusa. Zuwa awo yana kama wasu daga ciki da wuri. Amma Yaya ba ta taɓa fashin awo ba. Akwai kuma tsohuwar maganar nan wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Ba gaskiya ba ce. Duk makon da jariri ya ƙara a ciki riba ce gare shi.

Goyon gaba

Abin da nas ɗin nan ta yi a daren farko yana da suna, kulawar kangaru, saboda dabbar Ostireliya da ke ɗaukar ɗanta a aljihun cikinta. Kuma ba a ƙasar masu kuɗi aka ƙirƙiro shi ba. A 1978 ne wani likita, Edgar Rey Sanabria, ya fara shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a asibitin da kwalabe suka yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda ɗaya suna shafa wa juna cuta. Sai ya mayar da jariran ƙirjin iyayensu mata. Shekaru da dama ana ganin sai jariri ya murmure a kwalba kafin a fara. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci biyar a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, namu a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Jarirai sama da 3,000 ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take, mace-macensu ya ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka jira. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta: a fara da zarar an haihu, kuma a yi awa 8 zuwa 24 a kowace rana.

Ba cewa nake kwalba da oksijin ba su da amfani ba, ba don su ba da yanzu wani labarin nake ba ka. Muna bukatarsu da yawa, kusa da gida, da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai ma ɗan ƙasar nan, Farfesa Hippolite Amadi, da ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2023 saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu sauƙin kuɗi da ya ƙera. Amma wannan aikin gwamnati ne da masana. Ka sake duba lambar can ta sama, awa 8 zuwa 24. Mace ɗaya da ta haihu jiya, tana tatsa, tana wankan jego, ba ta barci, ita kaɗai za ta yi wannan na makonni? A nan ne maganar ta iso kanka.

Bayan kwana 24 aka sallame su, nauyinta ya kai kilo 1.8, tana kama nono tana kuma sha da ɗan kofi. Muka dawo Rikoto a farkon Disamba, hunturu ya sauko daga kan duwatsu, ga ƙura. Kwana biyu Yaya tana fama, a na uku ta yi gyangyaɗi a zaune har Inna ta tare ta. Baba tsohon soja ne, kamar dattawan Zuru da yawa. Bai ce komai ba, ya yago takarda daga littafina, ya ja layi, ya rubuta jadawalin gadi. Yaya, mijinta, Inna, ƙanwarmu, maƙwabciyarmu da muke kira Mama wadda ke zuwa bayan ta dawo daga coci ko kasuwa, sai ni, ƙarfe 2 zuwa 4 na dare.

Na ce, "Baba, ni ma? Namiji da goyo?"

Ya ce, "Kai da kake kwana kana danna waya, wa ya fi ka dacewa da gadin dare?"

Ga yadda ake yi, ko Allah zai kawo ranar da za ka bukata. Ka wanke hannu da sabulu, jikinka da tsabta, ba turare. Ka cire riga. Jaririya daga ita sai kunzugu da hula da safa. A tsaye za a kwantar da ita a tsakiyar ƙirjinka, fata da fata, ƙafafu a buɗe kamar kwaɗo, kanta a juye gefe ɗaya a ɗan ɗage don hanyar iska ta buɗe, kana iya ganin fuskarta. A ɗaure ku da zani daram, ka ɗora riga mai buɗaɗɗen gaba. Ka jingina, kada ka kwanta samɓal. Mai mura ko tari ko ƙuraje ba ya cikin jadawali sai ya warke. Goyo dai muka gada, wannan na gaba ne kawai.

Daren farko ko motsi na kasa yi. Ba ta da nauyi, sai ɗumi da wani ɗan bugu mai sauri kamar na tsuntsu. Na riƙa ƙirga numfashinta. Can ta yi shiru na 'yan daƙiƙu, raina ya tashi, sai na shafa bayanta kamar yadda aka koya mana, ta ja iska ta ci gaba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan dare ba, kuma ban buɗe waya ba ko sau ɗaya. Abokaina da suka ji labari sun yi ta tsokana a zaure, har da sa mini suna Inna. Ɗaya daga cikinsu matarsa ta haifi tagwaye ƙanana a damina. Shi ya kira ni da kansa yana tambaya yadda ake ɗaure zanin.

Faɗan da aka yi a gida ba kaɗan ba ne, kuma duk da masoya aka yi shi. Inna ta so a kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa, aka ce a'a, hayaƙinsa yana kisa a ɗakin da ba iska. Turaren wuta ya koma tsakar gida. An kwashe kafur daga akwatin kayan jariri, domin yana iya fasa jinin wasu jarirai ya tayar da shawara mai tsanani. Wankan jariri na safe da yamma ya zama gogewa da tsumma mai ɗumi, sashe-sashe. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, nono kawai da magungunan ƙarin jini da asibiti suka bayar. Mafi wuya shi ne 'yan barka. Ka san yadda muke, kowa yana so ya karɓa ya ga kamar wa ta yi. Ƙanwarmu aka sa a bakin ƙofa da buta da sabulu, kuma ganin daga nesa ne. Wasu sun yi fushi, wata gwaggo ta ce an mayar da gida barikin soja. Ta huce daga baya.

A ƙasan jadawalin Baba ya rubuta abubuwan da in an ga ɗaya ba a jiran gari ya waye: ta ƙi shan nono, jiki ya yi sanyi ko zafi, numfashi da sauri ko ƙirji na lotsawa, ta daɗe ba ta ja iska ba, jijjiga, ta yi laushi ba motsi, rawaya ta sauka har tafin hannu da ƙafa. Sau ɗaya muka koma asibiti da gudu saboda mura ta toshe ta, aka riƙe su kwana huɗu.

Akwai abin da jadawali bai kama ba. Yaya ta daina dariya. Tana yin komai daidai, amma kamar ba ta nan. Wani dare da na zo karɓar gadi ta ce mini tana tsoron ta so yarinyar sosai, kada a karɓe ta. Ta ce duk ƙarar da ta ji, ko ta cajin waya, sai ta zaci na'urar asibiti ce. Na yi niyyar in ce ta yi haƙuri ta gode wa Allah, sai na tuna mutum nawa suka riga ni faɗa mata haka. Na yi shiru na saurara. Washegari na faɗa wa mijinta, suka yi wa likita bayani a ranar komawa. Damuwar bayan haihuwa ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne, kuma iyayen bakwaini sun fi shiga haɗarinta.

Bayan an yi arba'in

Da ta kai kilo 2.5 ita da kanta ta fara ƙin zanin, tana tuttura ƙafa. Amma aiki bai ƙare ba. An duba mata ido tun tana 'yan makonni, domin jijiyoyin idon bakwaini kan iya tsirowa ba daidai ba har su kai ga makanta, kuma in an gano da wuri ana magancewa. An duba ji. Rigakafi kuwa da ranar haihuwarta ta gaskiya ake lissafi, ba a jinkirta shi wai don ƙarama ce sai in ma'aikatan lafiya ne suka ce.

Girma ne ake yi wa wani lissafi daban, kuma wannan ya kamata kowa ya sani don a daina tayar wa iyaye hankali. Ta zo da saura mako 9, kusan wata biyu. Don haka ranar da ta cika wata shida, jikinta na 'yar wata huɗu ne. Ana cire waɗannan makonni har zuwa wajen shekara biyu. Ɗan maƙwabtanmu da aka haifa mako guda bayanta ya riga ta zama, ya riga ta rarrafe, kuma duk wanda ya shigo sai ya faɗa, kamar ba mu da ido. Ba zan yi maka ƙarya in ce kowane bakwaini yana kamo tsara ba. Wasu suna tashi da matsalar gani ko ji ko motsi ko karatu, musamman waɗanda suka zo da wuri sosai, kuma komawa asibiti a ranakun da aka rubuta ne ke sa a gano da wuri. Wasu kuma an yi musu komai amma kwana ya ƙare. Matar da kwalbarta ke kusa da ta Yaya har yau tana kira lokaci-lokaci, tambayarta ba ta sauya ba: nawa ta ƙara?

Jiya da na iso gida na tarar da ita ta dafa kujerar Baba ta miƙe, haƙora biyu a ƙasa, tana jan carbinsa. Na miƙa hannu, ta kalle ni ta maƙale kafaɗa, ba ta san ni ba. Wayata kawai ta so, kuma da na ba ta baki ta kai. Takardar jadawalin tana nan a bangon ɗakin Inna, ta yi ja saboda ƙura, kusa da sunana Baba ya rubuta "ya makara" har sau biyu.